Fitilar da ke jin shigowar mutum: saƙo daga Jamus zuwa Sakkwato

Assalamu alaikum Yaya. Ina gida, ina su Inna? Ka ce in sa ido kan abin da zai amfani makarantar da kuke ginawa a Mabera.

Nan Jamus ba a ɗauke wuta, amma tsada gare ta, yunit ɗaya na gida ya kusa santi 40 na Yuro. Shi ya sa ba ka ganin ƙwan fitila na ci a banza. Matakalar benen da nake haya duhu ce ƙirin, kana sa ƙafa haske ya tashi, bayan minti biyu ya mutu da kansa. Wani ɗan farin ƙoƙo ne manne a silin. Ba kyamara ba ce, ɗumin jikin mutum yake ji in ya motsa. Aibinsa ɗaya, in ka zauna shiru kana karatu sai ya ɗauka ba kowa, ka ga dattijo cikin duhu yana kaɗa hannu sama kamar mai tsayar da ɗan kabu-kabu.

Na laburaren unguwarmu ya fi burge ni. A bakin ƙofa akwai zaren haske biyu a jere, ido ba ya ganin su. Wanda ka fara giftawa shi ke nuna shiga kake ko fita. Mutum 30 sun shiga, 30 sun fita, lissafi ya koma sifiri, fitilu su mutu. Amma biyu kafaɗa da kafaɗa ɗaya yake ƙirgawa, kuma ka san yadda yaranmu ke turereniya in an tashi.

A ganina mu muka fi su bukatar abin nan. Su kuɗi suke tattali, mu batirin sola. Ƙwan da aka manta a banɗaki rabon fankar tsakar dare yake ci.

Sai dai kada ka sayi mai jin ɗumi. Jikin mutum digiri 37 ne, bazarar Sakkwato kuwa takan wuce 40 a Afrilu. In bango ya yi zafi daidai da jiki, na'urar ba ta bambance su. Ka ce wa mai wayarin ya nemo mai aiki da rada (radar), wato mai gano motsi da igiyar rediyo, zafi bai dame shi ba. Na ƙofa kuma a riƙa goge gilashinsa da hunturu saboda ƙura.

Aiko mini da yawan azuzuwa da faɗin ƙofofi, in tambayo farashi.