Rishon indakshan da kunun zaki a gidan bene: ya biya kuɗinsa?

Idan kina dama kunun zaki mai yawa kuma a bene kike zaune, rishon lantarki na indakshan zai yi miki rana, amma ba don dalilin da masu shago suke faɗa ba. Su sauri suke tallatawa. Ni abin da ya sa na riƙe shi daban ne.

Nawa mai baki ɗaya ne, wat 2000, irin wanda ake ɗorawa a kan kanta. Muna haya a hawa na uku a Kubwa, kicin ɗin ɗan ƙarami, taga ɗaya, hawa da tukunyar gas kuwa sai an nemi mai taimako. Ina yin kunu ranar Juma'a don 'yan ofishinmu, da azumi kuma kusan kullum.

Farkon abin da za ki sani: tukwanenmu na dalma ba sa aiki a kansa, ko kaɗan. Rishon ba ya yin zafi da kansa, ƙarfin maganaɗisu ne yake zafafa gindin tukunyar, don haka sai ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa. Ki tafi kasuwa da ɗan maganaɗisu a jaka, ki manna a gindin tukunya. In ya kama, ki saya. Wasu tukwanen silba masu sheƙi ma ba ya kama su. Kuɗin tukunyar nan ki sa shi cikin lissafi tun farko, don ya kusa kamo na rishon.

Saurin kuma, a gaskiya matsakaici ne. Lita goma ta ruwan famfo tana cin kusan rabin awa kafin ta tafasa, kuma mita tana cire kusan yunit ɗaya. Mu da ke Band A, wato rukunin da aka ware wa wuta awa ashirin a rana, tun da hukumar kula da lantarki ta NERC ta kai yunit naira 225 a Afrilun 2024, daga baya ya tsaya a 209.5 a Yulin shekarar, muna kallon mita kamar mai gadin rumbu. Duk da haka, ɗari biyu da 'yan kai a kan lita goma bai dame ni ba.

Inda ya burge ni shi ne wajen zaƙi. Duk mai yin kunun zaki ta san ana raba ƙullu biyu: babban kaso a sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri, ƙaramin kaso mai tsiron dawa ko busasshen dankali a ajiye shi ɗanye, sai kaurin ya huce a haɗa. Abin da ke tsinka kunun ya kawo zaƙi yana cikin tsiron ne, kuma yana aiki sosai tsakanin digiri 60 zuwa 70 na Salshiyas. In zafin ya doshi 80, ya mutu, kunu ya tsaya da kauri, sai ki cika shi da sukari. In ya yi sanyi da wuri, tsami ya riga zaƙi isowa. Iyayenmu da yatsa suke gane wannan, kuma ba sa kuskure. Masu dafa burukutu da Turawan da ke haɗa giya a gida ma wannan gaɓar suke tsaro, don su ma da tsiron hatsi suke aiki. Mu dai muna tacewa mu sha tun bai je ko'ina ba. Da gas, in na rage wuta gindin tukunya na ci gaba da ɗaukar zafi. Da rishon nan, ina danna maɓalli zafi ya tsaya nan take. Sai na haɗa ƙullun a wajen 65, na rufe, na sauke, na naɗe tukunyar da tsohon bargo. Sukarin da nake sawa yanzu ya ragu sosai, har wata abokiyar aikina ta tambaye ni ko bagayi na fara sawa.

Sai dai kada ki yarda da lambar zafin da ke fuskarsa. Gilashin samansa yake aunawa, ba abin da ke cikin tukunya ba. Ma'aunin zafi na girki, mai dogon tsinke, shi ne abokin tafiya. Kuma kada ki dafa ƙullu kai tsaye a kansa ki juya baya: zafin yana taruwa a ɗan da'ira a tsakiya, sai ki tarar ya kama a nan alhali gefe bai ji komai ba. A ƙaramar wuta kuma ba raguwa yake yi ba, kunnawa da kashewa yake ta yi, kina jin fankarsa na huci.

Batun wutar lantarki shi ne babban cikas. In ta zo da rauni, rishon ya yi ƙara ya nuna alamar kuskure ya ƙi aiki. Ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsa, inbatar gida ma wahala za ta sha. Soket ɗinmu mai baki uku amp 13 ne, yana iya masa, amma a bango kai tsaye. Wayar ƙari ta kasuwa ɗumi take yi har ki ji ƙauri. Kada ki haɗa shi da dutsen guga a layi ɗaya.

Kicin kuwa ya daina zama tanda, ko a zafin Maris, sai tururi da ke jiƙa bango in ban buɗe taga ba. Ga wadda ke samun wuta awa ashirin, ina cewa ta saya, ta haɗa da ma'aunin zafi. Wadda ke layin da wuta ke leƙowa ta tafi, ta riƙe gas ɗinta, ta sayi ma'aunin kaɗai.