Gargaɗi ga masu kiwon aku da kanari a Kano

Jama'a, akwai wani mai tallar kayan keji a Facebook da WhatsApp da ya kamata ku kiyaye shi. Lilo yake sayarwa da ƙararrawa da sarƙa da kwanon ruwa, yana cewa kayan Dubai ne, ƙarfe ne da ba ya tsatsa. Ba shi da shago. Yau ya ce yana Sabon Gari, gobe ya ce Hotoro, kuma ba ya yarda a ga kaya sai an tura kuɗi, sannan ɗan sahu ya kawo a leda. Da ka koma da ƙorafi sai ya toshe lambarka. Suna da lamba kuwa yana sauya su, don haka ku lura da salonsa.

Asarar kuɗin ba ita ta fi damuna ba. Abin da yake kawowa waya ce mai rufin zink, irin wanda ake yi wa kwanon rufi, an fesa mata fenti mai ƙyalli. Aku kuwa da baki yake taɓa komai, ya ciza, ya kankare, ya haɗiye. Zink da dalma guba ne gare shi. Ɓarɓashin yakan zauna a ƙundu yana narkewa a hankali yana shiga jini, shi ya sa mai tsuntsu ba ya danganta ciwon da lilon da ya rataya tun tuni. Sai ka ga aku ya daina surutu, ya kumbura gashi, yana amai, yana yawan shan ruwa, kashinsa ya koma kore. In abin ya yi nisa, ƙafa ta kasa riƙe sanda, har ya riƙa faɗuwa yana karkarwa. Wallahi abin tausayi ne, dabba ce da ba ta iya faɗa maka inda ke mata ciwo. Dalmar takan ɓoye ne a ɗan ƙarfen da ke kaɗawa cikin ƙararrawa mai arha, da wurin da aka liƙe haɗin ƙarfe, da wasu fenti.

Igiyar audugar da yake haɗawa a matsayin gyara ma ba alheri ba ce. Zarenta na warwarewa ya naɗe yatsan kanari, wanda aka haɗiye kuma ya cushe a ciki.

Kafin ku biya, ku riƙe kayan a hannu. Ku kankare gefe da makulli: in fenti ya tashi, ku ajiye. Ku kara maganaɗisu. In ya manne gam, akwai alamar tambaya, don yawancin ƙarfen kirki da ake yi wa tsuntsaye kaya da shi ba ya kama shi sosai. Wanki da ruwan khal yana rage farin garin da ke kan waya, amma ba ya raba ta da zink.

Wanda ya riga ya saya, ya cire kayan yau. In tsuntsun ya nuna alamun nan, kada a tsaya ba shi maganin kaji. A kai shi wurin likitan dabbobi tare da kayan, a faɗa masa ana zargin gubar ƙarfe. Hoton ciki yakan nuna ɓarɓashin, kuma akwai allurar da ke fitar da gubar in an zo da wuri. Ku adana shaidar tura kuɗin da saƙonninku, ku kai ƙorafi bankinku da ofishin 'yan sanda mafi kusa.