Inci 14 ko milimita 150: wanne zai yi wa mazaunin Jidda aiki?

Alhaji, mun ga tambayarka. Ka ce kana zaune a Jidda, ka shekara biyu kana ɗaukar hoton sama da ƙaramin teleskof mai faɗin baki milimita 80, yanzu Allah ya hore, kana son babba wanda ba za ka sake canzawa ba. Ka lissafo guda huɗu: Celestron EdgeHD 14, PlaneWave CDK14, RASA 11, da mai gilashi zalla na milimita 150 irin Sky-Watcher Esprit 150ED ko Takahashi TOA-150. Ka ƙara da cewa wani lokaci a saman bene za ka kafa, wani lokaci ka loda a mota ka fita daji. To wannan magana ta ƙarshe ita ce mabuɗin zaɓin gaba ɗaya.

Ga su kafaɗa da kafaɗa. EdgeHD 14 bakinsa milimita 356 ne, wato inci 14, tsawon fokas milimita 3910, wato f/11 idan aka raba tsawon da faɗin baki, bututun kaɗai kilo 21. Idan an ɗaura masa gilashin rage tsawo na 0.7 sai ya dawo 2737, f/7.7. CDK14 shi ma 356 ne, tsawon fokas 2563, f/7.2, nauyinsu kusan ɗaya. RASA 11 bakinsa 279, amma fokas ɗinsa gajere ne ƙwarai, 620, f/2.2. Esprit 150 yana da 1050, f/7, wajen kilo 15, TOA-150 kuwa 1100, f/7.3.

Waɗannan lambobi ba su da ma'ana sai an haɗa su da kyamara. A ce irin wadda da yawa daga masu wannan harka ke riƙewa ce, ZWO ASI2600, mai fiksel, wato ɗigon hoto, na maikiron 3.76. Lissafin ba wuya: ka ninka girman fiksel da 206, ka raba da tsawon fokas, abin da ya fito shi ne yawan sararin da fiksel ɗaya ke gani, a ma'aunin sakan na kusurwa, wato kashi ɗaya cikin 3600 na digiri. A kan EdgeHD 14 tsurarsa 0.2 za ka samu, da gilashin ragewa 0.28, a CDK14 0.30, a Esprit 150 0.74, a RASA 11 kuma 1.25.

Yanzu ka ɗaga kai ka dubi samanmu. Iska ba ta tsayawa cik, rawa take yi, kuma a daren da aka saba wannan rawar tana baza kowane tauraro ya kai faɗin sakan 2 zuwa 3 a hoto mai dogon buɗi. Fiksel biyu zuwa uku sun isa su kama wannan ɗigon. Ke nan 0.74 na mai milimita 150 ya faɗa daidai inda ake so. Shi kuwa 0.2 yana raba tauraro ɗaya a kan fiksel goma ko fiye, babu wani sabon bayani da ya ƙaru, sai hoto mai laushi da taurari buhu-buhu. A takarda inci 14 yana iya rarrabe abu mai sakan 0.33, mai 150 kuma 0.77, amma iskar bakin Bahar Maliya ba ta karanta takarda. Inda babban ya yi zarra shi ne tara haske: fiye da ninki biyar na mai 150, ko da yake ƙaramin madubin da ke tsakiya yana cinye wani kaso, musamman a CDK14 inda ya tare kusan rabin faɗin bakin.

Sai faɗin abin da zai shiga hoto. Da wannan kyamara, mai 150 yana ɗaukar wajen digiri 1.3 a tsawo, 0.9 a faɗi, mafi yawan gajimaren taurari na Oriyon zai shiga ciki. RASA 11 ya haura digiri 2, ya isa ya rungumi Kaza da 'Ya'yanta da shuɗin hayaƙin da ke lulluɓe da su. EdgeHD 14 da gilashin ragewa rabin digiri kawai yake gani a tsawo, ko cikakken wata ba zai shiga ba. Aikinsa ƙananan abubuwa ne, irin tarin taurarin M51 ko zoben M57.

Abin da ya fi ba mu tsoro a tambayarka shi ne ba ka ambaci mazauni ba, wato injin da teleskof ke hawa yana bin juyawar sama. Nan ne kuɗi ke shiga, nan ne kuma hoto ke lalacewa. Inci 14 da kyamara da keken filta da hular raɓa zai kai kilo 26 zuwa 27. Sky-Watcher EQ6-R kilo 20 aka rubuta masa, don haka ya fita daga lissafi. Dole sai ajin kilo 50: EQ8-R, iOptron CEM120, 10Micron GM2000 ko Astro-Physics 1100GTO. Kan EQ8-R kaɗai ya kai wajen kilo 26, ga ƙarafan daidaita nauyi masu kilo goma-goma, ga ƙafafu. Ka haɗa duka, kaya sun haura kilo 100. Ka ƙaddara kanka ƙarfe huɗu na asuba a daji, barci a ido, kana rungume da bututu mai kaurin ganga kana neman zare shi daga mariƙinsa a daidai tsayin kafaɗa, ƙasa kuma yashi. Da yawa daga manyan teleskof da ake sayarwa a hannu na biyu, irin wannan daren ne ya fitar da su kasuwa. Mai 150 da kayansa wajen kilo 18 ne. EQ6-R zai ɗauka da ƙyar saboda tsawon bututun, gara iOptron CEM70, GM1000 ko Mach2GTO.

Bin tauraro ma ba ɗaya ba ne. A tsawon 1050, kuskuren da bai wuce sakan 0.7 ba ba zai nuna ba. A 2700 kuwa sai ka sauko ƙasa da 0.5, kuma iska ɗaya ta arewa ta bugi wannan faffaɗan bututun, hoton minti biyar ya tafi. Akwai kuma halin EdgeHD da ya kamata ka sani: babban madubinsa ne ke motsi wajen saita fokas, don haka yakan ɗan karkata idan bututun ya juya. Ƙaramin teleskof na gadi da aka ɗora a bayansa don ya sa ido kan tauraro ɗaya ya gyara tafiyar mazauni ba zai ga wannan motsin ba, sai ka tarar jadawalin gadi lafiya lau amma taurari sun yi wutsiya. Maganinsa a ɗaure makullan madubi biyu da ke baya, a sa mai saita fokas na waje, a yi gadi da ɗan madubin da ke tsinto haske daga cikin hanyar kyamara kanta. Tazarar sensa, wato ɗan allon da ke kama haske a cikin kyamara, daga bayan bututu kuma milimita 146 ce. Ka kauce da 'yan milimita, taurarin gefe su miƙe.

Mu zo kan yanayin garin, don nan ne waɗanda suka rubuta talla a Amurka ba su san halin da ake ciki ba. Teleskof ɗinka ɗakin AC zai kwana, ya yi sanyi ƙalau. Ka fito da shi cikin laimar Jidda, kafin ka gama ɗaure shi gilashin gaba ya yi gumi kamar kwalbar ruwan da aka ciro daga firji. Kada ka goge. Ka fitar da shi a rufe tun la'asar sakaliya ya zauna a inuwa, ka ɗaura masa ɗamarar ɗumi da hular raɓa tun kafin magariba. Rufaffen bututu mai inci 14 yakan ci awa biyu ko fiye kafin zafinsa ya yi daidai da na waje, kuma kafin nan tauraro zai riƙa tafasa a allo. Mai 150 ma, da gilasai uku da ke cikinsa, yana son awa guda ko fiye. CDK14 buɗaɗɗe ne, yana da fankoki, yana saurin daidaita, madubinsa kafaffe ne ba ya karkata, jikinsa kuma ba ya miƙewa da zafi sosai, shi ya sa fokas ke daɗewa a wurinsa. Amma buɗaɗɗen madubi a ƙasar ƙura, ka san sauran. Na mai ɗakin kallo ne, mai rufi mai zamewa da ginshiƙin siminti, inda za a saita shi sau ɗaya a bar shi. Idan kana da istiraha, wato gidan hutu, a wajen Ɗa'if, inda tsayin ƙasa ya kai wajen mita 1,800 kuma laima ta ragu, to CDK14 ya fi su duka. In babu, kada ka taɓa shi.

RASA 11 sauri ne jarinsa: abin da f/7 zai tara a fiksel cikin minti goma, f/2.2 zai tara a wajen minti ɗaya. Ga wanda ke samun daren daji ɗaya ko biyu a wata, wannan babban abu ne. Farashin saurin shi ne tsanani. Zurfin fokas, wato 'yar tazarar da hoto ke fita tas a cikinta, a f/2.2 wajen maikiron 13 ne, bai kai kaurin silin gashi ba, yayin da a f/7 ya kai 130. Sensa ta ɗan karkata kaɗan, kusurwa ɗaya ta hoton ta lalace. Kyamara a gaba take zama, wayoyinta suna gittawa ta gaban gilashin, ba a kallo da ido ta cikinsa, kuma siraran filta na nanomita 3, masu barin launin haske ɗaya kawai ya wuce, sai ka sayi waɗanda aka yi musamman don mai sauri, in ba haka ba su tare hasken da kake nema.

Akwai fage ɗaya da inci 14 ba shi da abokin karawa a cikin huɗun nan, kuma a saman benenka yake: wata da duniyoyi. Fitilun gari ba sa hana Mushtari ko Zuhal fita, kuma a layin Jidda, digiri 21 da rabi arewa, sukan hau sama sosai. Ana ɗaukar bidiyo ne da ƙaramar kyamara mai sauri, dubban hotuna, manhaja ta tsinci waɗanda iska ta lafa a cikinsu. Da fiksel na maikiron 2.9, ka nemi f/15 zuwa f/20 ta hanyar gilashin Barlow mai ƙara tsawon fokas, kuma kada bidiyon Mushtari ya wuce minti biyu zuwa uku, don yana kammala juyi cikin ƙasa da awa goma. Ka kafa nesa da injinan AC na waje, kada kuma ka nufi abin da ke saitin hucinsu.

Ra'ayinmu, Alhaji: tunda mota na cikin lissafi, ɗauki mai milimita 150, ka zuba kuɗin da ya rage a mazauni na ƙwarai. Ba ya buƙatar saita madubai, ƙura ba ta shiga cikinsa, kuma daga gari ma zai yi maka aiki da filtar haidurojin mai nanomita 656, wadda ke tace hasken fitilun gari. Takahashi ya fi Esprit tsada nesa ba kusa ba, bambancinsu a hoto kuwa bai kai bambancin kuɗin ba. Idan ka kai shi ramin Wahba ko AlUla, wadda aka amince da wuraren Manara da Garamil nata a matsayin wuraren duhun sama a 2024, zai nuna maka abin da aka biya. EdgeHD ya biyo baya in duniyoyi sun ja ka, ko da na inci 11 ne mai kilo 13, wanda mutum ɗaya ke ɗagawa.

Wajen lissafin kuɗi ka sa harajin kashi 15 cikin ɗari da kuɗin jirgi, ka ware na batir mai wat-awa 600 ko fiye don dare guda. Kyamarar tana sanyaya kanta wajen digiri 35 ƙasa da zafin waje, don haka a daren bazara mai digiri 30 ka saita ta a sifili maimakon ka matsa mata, ka yi hotunan duhu na gyara, waɗanda ake ɗauka da baki a rufe, a wannan ma'aunin. Ranar da akwatin ya iso, ka buɗe a gaban mai kawowa, ka haska gilashin da tocila kafin ka sa hannu.