Zauren al'adu a bakin ruwa a Jos: da me za a tayar da bango?

Duk kwamitin da ya samu fili a bakin ruwa, ko a gefen tafkin Rayfield ko kusa da ɗaya daga cikin kududdufan da haƙar kuza ta bari tsakanin Jos da Bukuru, yana son gina zauren taro da koyon sana'a da wasannin gargajiya, to tun kafin zane sai ya yanke shawara kan kayan gini. Ƙasar bakin ruwa ba ta rabuwa da danshi, damina tana kamawa daga Afrilu har Oktoba, iska kuma kan kaɗo ruwan sama ya doki bango a karkace.

Ni dai tubalin jar ƙasa da ake matsewa da inji nake so, ba ɓoye-ɓoye. Ana tono ƙasar, a tankaɗe, a gauraya da siminti kaɗan, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, a yayyafa ruwa, inji ya matse. Akwai injin Hydraform na Afirka ta Kudu, akwai na cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, kuma tubalin yana shiga cikin juna, ba sai an yi ta zuba kwaɓi tsakani ba. Bango mai kauri na ƙasa yana shan zafin rana ya riƙe, dare ya yi ya riƙa sakinsa a hankali. Wanda ya taɓa zaman taro bayan Isha a sanyin Disamba, a garin da ke kan tudu wajen mita 1,200, ya san darajar wannan. Tubalin ba ya bukatar filasta ko fenti, jansa ya ishe shi ado, kuma matasan unguwa ne za su buga shi a filin, kuɗin ya zauna a hannunsu.

Idan wani a kwamiti ya ce ginin ƙasa na talaka ne, ku kai shi gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ya zaga sashen gine-ginen gargajiya ya ga kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Francis Kéré, mai zanen gini ɗan Burkina Faso, shi ma da irin wannan tubali ya gina makarantar ƙauyensu, Gando, ya ɗaga kwano sama da bango don iska ta ratsa, kuma a 2022 ya karɓi kyautar Pritzker, mafi girma a fannin zanen gini.

Sharaɗin wannan tubali biyu ne. Kada ya taɓa ƙasa: a ɗora shi kan harsashin dutse da ya kai gwiwa ko ya wuce, a shimfiɗa leda mai kauri tsakani. Dutse kuwa Allah ya hore wa Jos shi. Na biyu, rufin ya fito waje kamar mita guda ko'ina, da indararo mai kai ruwa tanki don bayi da ban-ruwan shuke-shuke.

Bangon dutse zalla yana da ƙarko, sai dai tsada da sanyi. Bulon siminti kowane magini ya iya shi, amma a bakin ruwa fentinsa ɓarewa yake yi daga ƙasa. Jan bulo ƙonanne na kamfani yana da kyau ga mai kuɗi, na gargajiya kuma itace yake cinyewa. Kwantena da gilashi kam, a bar su.

Inda nake so ku buɗe ido shi ne wajen masu kawo kaya. A wani ɗakin taro da muka haɗa kuɗi muka gina, mai tubalin ya rantse ya sa siminti yadda aka ce. Ruwan farko da ya sauka, layin ƙasa ya fara narkewa, kana goga yatsa jar ƙasa na biyo ka. Ashe ɗan abin da ya barbaɗa bai taka kara ya karya ba, kuma ya loda tubalin a mota tun bai yi ƙwari ba. Tubalin kirki ana rufe shi da leda, ana ba shi ruwa aƙalla mako guda, ya ƙara wasu makonni kafin a ɗora shi.

Saboda haka kada ku karɓi samfurin da mai kaya ya zaɓo muku. Ku sa hannu tsakiyar lodi ku zaro da kanku, ku jiƙa a bokiti ya kwana. In da safe ruwan ya yi ja, gefen tubalin ya zube, a mayar da motar. Siminti ku saya da kanku, wakilinku ya tsaya ana farke kowane buhu a gabansa, ya ƙirga tubali nawa ya fita. Rodin da aka ce milimita 12 ne a auna shi, don siriri ya yi yawa a kasuwa. Kwanon alminiyum ma haka, a karɓi kuɗin mai kaurin milimita 0.55 a kawo mai 0.45, kuma Jos gari ne da ƙanƙara kan faɗo.

Sai yashi. Za a tallata muku na tarkacen wankin kuza da araha, tunda ga shi nan kusa. Kada ku saya. Irin wannan tarkacen yana ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin nukiliya, zauren kuma yara ne za su wuni a cikinsa. Ku tambayi direban tifa daga wane rafi ya ɗebo, in ya fara kame-kame, ɗaya daga cikinku ya hau motar a je tare.