Sharhi kan ƙwayoyin ƙara kaifin ƙwaƙwalwa: me ke cikin kwalbar, kuma ta ci kuɗinta?

Kwalbar irin waɗanda ake jerawa a gaban kanta ce a kantin magani, da hoton ƙwaƙwalwa mai walƙiya da alkawarin kaifin basira da korar mantuwa. Ƙwaya 60, biyu a rana, wato ta wata guda. Sunan kamfanin bai dame mu ba, don haɗin kusan ɗaya ne a yawancinsu: ginkgo (ganyen wata itaciya ta ƙasar Sin), man kifi, bitamin B iri-iri, sai wani abu da suka kira haɗin ganyayyaki na musamman. Na sha ta har ta ƙare. Abin da jiki ya nuna shi ne wartsakewa kamar minti 30 zuwa awa ɗaya bayan haɗiya, gyatsa mai ƙarnin kifi, fitsari rawaya shar, da ƙauracewar barci duk ranar da ƙwaya ta biyu ta kai la'asar. Sunayen mutane da inda aka ajiye makulli kuwa, yadda ake mantawa da su a da, haka ake mantawa yanzu.

Wartsakewar nan ita ke sa mutum ya koma ya sayi kwalba ta biyu, kuma asirinta yana bayan kwalbar da ƙananan haruffa: guarana. 'Ya'yan wata itaciya ce ta Brazil mai ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke cikin goro da kofi da shayi. An zuba ta cikin haɗin na musamman, an rubuta jimillar nauyin haɗin kawai, ba a faɗi nawa ne kason kowane ganye ba. Kafeyin yana kore gyangyaɗi, wannan ba gardama, amma sai bayan kamar awa 5 rabinsa ke fita daga jini. Wanda ya sha da yamma ya tauye barcinsa, alhali a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta da rana. Ɗalibin da ke shirin WAEC ko JAMB ya lura da wannan. Rawayar fitsari kuma rarar bitamin B2 ce ke fita, ba alamar magani na aiki ba.

Ginkgo shi ne jigon tallar, kuma an gwada shi sosai. A Amurka an bi mutum fiye da 3,000 masu shekara 75 zuwa sama na kimanin shekara 6, wasu na shan miligiram 240 a rana, wasu na shan ƙwayar da ba komai a cikinta. Sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna ginkgo bai rage kamuwa da cutar mantuwa ba. Wani gwajin na shekara 5 a Faransa, wanda ya fito a 2012, shi ma haka. Akwai ƙananan gwaje-gwaje da suka ga ɗan sauƙi ga waɗanda cutar ta riga ta kama, amma da tataccen ginkgo mai ma'auni, miligiram 240, a ƙarƙashin likita. Kwalbar nan miligiram 60 take bayarwa a rana, rubu'in wancan ke nan, kuma ba ta ma faɗi ko tatacce ne ko garin ganye ba. Tataccen da ake gwaji da shi akan rubuta masa kashi 24 da kashi 6 cikin ɗari na sinadaransa biyu.

Ga kuma haɗarinsa, wanda mai kanti ba ya faɗa. Ginkgo na iya ƙara zubar jini ga mai shan warfarin, aspirin ko clopidogrel, kuma su ne magungunan da dattawa masu ciwon zuciya ko waɗanda suka taɓa shanyewar ɓarin jiki ke sha, wato mutanen da 'ya'yansu suka fi saya wa irin wannan kwalba. Mai shirin tiyata ko cire haƙori ya daina shi kamar mako 2 kafin ranar. Mai farfaɗiya ya bar shi gaba ɗaya.

Man kifi kuma lissafi yake so. Idan aka rubuta miligiram 1,000 a gaba, juya baya ka nemi EPA da DHA, sinadarai biyun da ake shan man dominsu. A ƙwaya ta gama-gari za ka tarar da 180 da 120, jimilla 300, sauran mai ne kawai. Manyan gwaje-gwaje a kan tsofaffi masu lafiya ba su nuna cewa ƙwayar tana kare tunani ba. Sannan mai ne, zafi na lalata shi. Kwalbar da ta yi bazara a shagon kwano a Kano ko Sakkwato, inda zafi ke haura digiri 40, da wuya ta tsira. Huda ƙwaya ɗaya da allura ka shinshina. Idan ta yi wari mai hawa kai ko ƙwayoyin sun manne da juna, ta lalace. Kifin titus ko sardin sau 2 a mako ya fi ta amfani.

Abu ɗaya a cikin kwalbar da zai iya gyara mantuwa da gaske shi ne bitamin B12, shi ma ga wanda ya rasa shi a jiki. Ƙarancinsa na kawo mantuwa, kasala, jin kamar ana tsira allura a tafin ƙafa, da tangaɗi a tafiya. Waɗanda ya fi kamawa su ne tsofaffi, masu ciwon suga da suka daɗe a kan metformin, masu shan omeprazole shekara da shekaru saboda gyambon ciki, da wanda nama, ƙwai da nono suka yi wa nisa. Gwajin jini ne ke tabbatar da shi. Idan hanji ne ba ya tsotsa, likita kan ba da allura ko ƙwaya mai ƙarfi, ba ɗan abin da ke cikin wannan haɗi ba. A duba B6 kuma: yawansa na tsawon watanni yana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa, irin ciwon da mutum ke zaton yana magancewa. Mai haɗa wannan kwalba da wani maganin jijiya ya tara adadin duka biyun ya nuna wa mai ilimin magunguna.

Don adalci, wani gwaji a Amurka da ya fito a 2022 ya ga ɗan ci gaba a tunanin mutane masu shekara 65 zuwa sama bayan shekara 3 suna shan ƙwayar bitamin ta yau da kullum. Ci gaban kaɗan ne, kuma ƙwayar ta talakawa ce, ba mai hoton ƙwaƙwalwa ba.

Lambar NAFDAC da ke jikin kwalba mutane na ɗaukar ta a matsayin shaidar cewa magani na aiki. A kayan ganye, lambar da ta ƙare da harafin L tana nufin an duba lafiyar shan abin ne, shi ya sa ake rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Tambarin “daga Amurka” ma ba hujja ba ne, don dokar can ta 1994 ba ta tilasta wa kamfani ya tabbatar da amfanin irin waɗannan kaya kafin ya kai su kasuwa. Masu bincike a can sun taɓa gano magungunan da ba a amince da su ba a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, irin su piracetam da phenibut. Wani sinadarin, vinpocetine, hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi mata masu ciki a kansa a 2019 saboda haɗarin ɓari.

Wanda ya nace sai ya gwada, ya auna kansa da kansa. Wani ya karanto maka kalmomi 15, bayan minti 20 ka rubuta waɗanda ka tuna. Yi haka sau 3 a ranaku daban-daban kafin ka fara, da sabbin kalmomi kowane karo kuma a lokaci ɗaya na yini, sannan ka maimaita bayan mako 12. Kada ka canza shayi ko lokacin barci a tsakani, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aikin ba.

Hukuncina: kwalbar ba ta ci kuɗinta ba. Kuɗin kwalba biyu ko uku gara a sa su a na'urar auna hawan jini da gwajin suga, na B12 da na ƙarancin jini, domin hawan jini da suga da ba a kula da su ba suna cin ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa a hankali. Idan kuwa Baba ya fara maimaita tambaya ɗaya sau da yawa a zama guda, ko ya ɓace a hanyar masallacin da ya saba zuwa, asibiti za a kai shi, a tafi da duk kwalaben da yake sha a leda ɗaya likita ya gani. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya, musamman da karkacewar baki ko nauyin harshe, a ranar ake kai mutum asibiti, ba a jiran gobe.