Shagon buga allunan talla a Samaru da taswirar cibiyoyin ƙwayar zarra

Makonni uku da suka wuce na kai wa wani shagon buga allunan talla da ke Samaru aikin da ba su saba gani ba, wato taswirar cibiyoyin ƙwayar zarra (cibiya ita ce tsakiyar ƙwayar, inda ƙananan ƙwayoyin firoton da niyutiron suke), wadda nake so in rataya a ajin da nake koyar da fiziks. A taswirar, kowane ɗan akwati cibiya guda ce, yawan firoton yana hawa sama, yawan niyutiron yana tafiya dama, kuma a cikin akwatin akwai nauyin da aka auna.

Mai shagon ya daɗe yana kallon kwamfutarsa, sannan ya ce, "Malam, wannan zanen atamfa ne ko taswirar gari?" Na yi dariya, na roƙe shi abu ɗaya: kada ya taɓa layukan da na ja a kan 2, 8, 20, 28, 50, 82 da 126. Firoton da niyutiron suna zama ne hawa-hawa a cikin cibiya, kowane hawa ana kiransa ɓawo, kuma waɗannan su ne lambobin da ɓawon cibiya ke cika a kansu, kamar yadda Maria Goeppert Mayer da Hans Jensen suka bayyana a 1949, aikin da ya kai su ga lambar Nobel a 1963. A nan shagon ya cika alkawari, domin layukan sun fito tsaf, launuka ba su zuba cikin juna ba, kuma sun gama ranar da suka ce duk da ɗauke wutar da aka yi.

Inda suka gaza shi ne gefen dama na taswirar, ɓangaren cibiyoyin da niyutiron ya yi wa yawa, kuma nan ne zuciyar darasin. Nauyin cibiya bai kai jimillar nauyin firoton da niyutiron ɗinta ba, wannan ɗan giɓin ne ke nuna ƙarfin da ya ɗaure ta, shi ya sa lambobin da ke can bayan ɗigo suke da daraja. Da irin wannan awon ne aka gano a CERN, wurin binciken fiziks na Turai, a 1975 cewa sodiyam 31 (31 ɗin jimillar firoton da niyutiron ce, 20 daga ciki niyutiron) ya fi ɗauruwa fiye da hasashe, alamar cewa 20 ba ta riƙe matsayinta na lambar cikar ɓawo a wannan yankin ba, kuma a 2013 na'urar auna nauyi ta ISOLTRAP da ke CERN ta auna kalsiyam 53 da 54, ta ƙarfafa hujjar cewa niyutiron 32 ma lamba ce ta cikar ɓawo. Da na kusanto da idona ga akwatin kalsiyam 54, sai na tarar tawada ta cushe ƙananan lambobin, 3 da 8 sun zama abu ɗaya.

Injinsu na rubutun da ake karantawa daga tsallaken titi ne, kuma da sun faɗa mini haka tun farko da na ƙara girman aikin. Taswirar tana bango yanzu, ɗalibai na bin layukan da yatsa, amma lambobin nauyin sai na sake buga su a farar takarda na raba musu.