Katin bango ko sensa: wanne ya fi hana baƙi barin esi a kunne?

Hajiya, kin ce gidanki mai ɗakuna uku ne, kina ba masu zuwa hutu haya na 'yan kwanaki, kuma suna fita tun safe su bar esi na ta aiki. Kina tambaya ko ki sa makunnin kati irin na otal, wanda sai an soka kati a bango wuta ke zuwa, ko ƙaramar na'urar nan mai sarrafa esi ta wayar hannu tare da sensa. Duka biyun na yi amfani da su.

Mu fara da girman ɓarnar. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana jan wajen kilowat 1.1 muddin kwamfuresa, wato injin da ke samar da sanyin, na juyawa. Baƙo ya saita digiri 16 ya fita awa takwas. A rana mai zafi ɗakin ba zai taɓa kai 16 ba, saboda haka kwamfuresa ba ta samun hutu. Yunit kusan 9 ke nan a ɗaki guda, an ƙone su wajen sanyaya katifa da labule. Ki ninka sau uku.

Kati dai sauƙi gare shi. Ba ruwansa da intanet, kuma duk wanda ya taɓa kwana a otal ya san yadda ake yi. Matsalarsa ita ce yawancinsu ba sa tantance abin da aka cusa musu. Ranar da na cire rai da shi, mai shara ce ta turo min hoto: murfin kwalin man goge baki an ninke shi biyu an soka a ramin, ƙofar baranda a buɗe rabi, bargo a kan gado, baƙi kuwa tun hantsi suka fice. Akwai irin mai karanta kati na RFID, wanda sai katinsa yake karɓa, amma iyalin da kika ba kati biyu ai ɗaya za su bari a bango. Kuma shi otal ɗaki ɗaya kati ɗaya ne. A gida mai ɗakuna uku, mutum guda ya zauna a falo, kati na ciki, duk esin ɗakunan na ci gaba da shan wuta.

Sai batun wayarin. Ba kowane makunnin kati ke ɗaukar nauyin esi kai tsaye ba, sau da yawa sai mai aikin wuta ya ratsa ta kwantakta, wato makunni mai ɗaukar wuta mai nauyi, ya kuma ware layin firji, in ba haka ba baƙi su dawo su tarar komai ya narke. Sannan katse wuta yake yi farat ɗaya, ita kuwa kwamfuresa tana son kamar minti uku kafin ta sake tashi. Yaro ya samu katin yana zarewa yana mayarwa, injin ne ke shan wahala.

Na'urar waya, irin su Sensibo da Tado da Cielo, kwaikwayon rimot take yi. Tana aika wa esi saƙo da hasken infared, ya mutu ta hanyar da aka ƙera shi ya mutu, ba a taɓa waya ko ɗaya a bango. Kowane ɗaki da tasa, kuma kina ganin halin da ake ciki daga inda kike. Amma sai da Wi-Fi mai tsayawa, kuma sai an kafa ta inda take kallon esin.

Sensa iri biyu ce, kada mai sayarwa ya haɗa miki su a baki ɗaya. Ta ƙofa maganaɗisu ne ɓari biyu, ɗaya a jikin ƙofa ɗaya a dogarinta. In ƙofa ko taga ta wuce 'yan mintuna a buɗe, esi ya tsaya. Wannan ban taɓa jin baƙo ya yi ƙorafi a kanta ba, domin yana rufe ƙofar sanyi ke dawowa. Ta motsi ita ce mai rigima. Motsin jiki mai ɗumi take gani, mai barci kuwa ba ya motsi, sai ta ɗauka ɗakin ba kowa. Ƙarfe biyun dare baƙo ya farka sharkaf da gumi, da safe ki ga ya ba gidan tauraro biyu kacal a shafinki na haya. Ki ba ta jinkiri mai tsawo, ki hana ta aiki da dare, kuma maimakon ta kashe esin ta ɗaga shi zuwa 27, mutum ya dawo ba cikin tanda ba.

Abin da kati ba zai taɓa yi ba shi ne iyakance sanyi. Wasu samfuran na'urar suna bari ki hana a sauka ƙasa da wani mataki. Hukumar kula da tattalin makamashi ta Indiya ta ƙiyasta cewa duk digiri ɗaya da aka ɗaga na rage kusan kashi 6 cikin 100 na wutar da esi ke ci, kuma tun 1 ga Janairun 2020 sababbin esi a can suna tashi ne a kan 24. Ni a 22 nake tsayar da nawa. Wanda ya ga an kulle shi a 25 zai ji an yi masa rowa, ya fara neman hanyar zagaye.

Kada ki yi tunanin kyamara a cikin gida. Airbnb, shafin ba da hayar gidaje na 'yan kwanaki, ya haramta ta gaba ɗaya tun 30 ga Afrilun 2024. Sensa ɗin ma ki ambace ta a bayanin gidan tun kafin a kama. Cajin baƙo kuɗin wuta da mita kuwa, ga mai kwana uku gardamar ta fi ribar yawa, sai dai mai zaman wata, shi ma in ya sani tun farko.

In intanet ɗin gidan na tsayawa, na'urar waya da sensar ƙofa nake zaɓa miki. In yana yawan ɗaukewa, ki ɗauki kati mai RFID, kowane ɗakin kwana da nasa, ki ɗaura shi a jikin makulli da zoben da ba ya ɓallewa. Ki fara gwaji da ɗakin da ke da baranda, ki rubuta abin da mita ta nuna ranar shigar baƙo da ranar fitarsa na tsawon wata guda kafin ki saya wa sauran.